Lambar Malam Yahuza

Tun da Zayyad ya buga waya ya ce ya tsinci hoton marigayi Malam Yahuza a tsohon faifan kwamfutar babansa, Kaka Hureira ta kasa zama. Hoton mijinta na takarda ya ƙone tare da gidansu na unguwar Miskine a Bangui, shekara goma ke nan ba ta ga fuskarsa ba. Ta haye mashin, sai shagon hoton jikan nata a Titin Koudoukou. Tana sauka wuta ta ɗauke, aka ta da janareto.

"...lafiya lau, angon banza. Ina mijina na gaskiya?"

"Ga ni a gabanki, amarya."

"Kai? Mijin da ko tsinken tsire bai taɓa saya min ba? Fito min da Malam!"

Zayyad ya danna, ya sake dannawa. Ni da nake zaune a shagon ina jiran nawa hoton, na ga gumi ya keto masa, don kwamfutar ta ce ba ta san wannan fayil ba.

"Yeke yeke, tsohuwa, a hankali. Ya ɗan ɓuya."

"Ya ɓuya ko ka ɓoye shi? Kishi! Mutum yana kabari ma bai tsira daga sharrinka ba!"

"Kishin me? Wanda ya zo neman aurenki a kan aron keke?"

"Keken ya fi shagonka tsada. Zayyad, kar ka ce min ya tafi."

"Wallahi yana nan, Kaka. Babbar na'urar can ke riƙe da hotuna, wannan ƙaramar ta wurin bugawa tana karɓowa ta waya. Ba da suna take kiransu ba, da lamba. Da wuta ta dawo, babbar ta sake wa faifan lamba, ƙaramar kuwa tana ta kiran tsohuwar."

"Au! Kamar a canza wa rumfa lamba, mai saye yana ta yawo a kasuwa?"

"Ashe da sauran ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin ɗankwalin nan!"

"Ubanka na haifa da ita. To kullum aka ɗauke wuta sai a sake wa mijina lamba? A Bangui? Ai kafin Juma'a ya yi lamba ɗari!"

"Shi ya sa zan rubuta wa faifan lamba ta dindindin. Wuta ta ɗauke sau dubu, ba ta motsi."

"Wace lamba?"

"Bakwai."

"Bakwai ɗin gidanku! Ɗaya za ka sa. Shi ne na ɗaya, kai ko a layi ba ka."

Ya sa ɗaya, ya sake haɗa na'urorin. Kaka ta ce sam, sai an gwada. Da hannunta ta zare wayar wuta, ta mayar. Muka jira har babbar ta tashi, sai ga Malam Yahuza da hularsa a karkace. Ta saki guɗa har masu canjin kuɗi na bakin titi suka leƙo.

Zayyad ya buga hoton, takarda ta fito da ɗuminta. Ta riƙe da hannu biyu, ta daɗe tana kallo, hawaye na zuba tana dariya. Can ta ɗago ta dubi jikan.

"Ɓarawo. Ashe hancinsa ka sace, shekarun nan duk yana gabana ban gane ba."

Ta kwance bakin zane, ta danƙa masa farin goro.

"Karɓi. Na ba ka lamba biyu."