Rasuwar Zabiya, Rediyon Motata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙaurin ƙonanniyar waya, ni Bala Hamidu na unguwar Dar es Salam, ma'aikacin gwamnati (har zuwa ranar Talata dai), nake sanar da ƴan uwa da abokan arziki rasuwar rediyon motata, wadda gida ke kira Zabiya. Rai ya yi halinsa ranar Talata da azahar, cikin zafin watan Afrilun bana, 1985, a bakin gudron, titin kwaltan nan, kusa da kasuwar Katako. Shekara tara muka yi tare cikin Pijo 404.

Marigayiyar mai tashin sassafe ce. Kowace safiya kafin in tayar da mota sai na murɗa ta. In ta fara da gaishe-gaishe, in tafi biro, wurin aikina. In ta fara da kiɗan soja, in koma ɗaki in tuɓe takalmi in jira bayani. Ba ta taɓa cin amanata ba. Damina biyu tana cewa ana sa ran ruwa, ba ta gaji ba, mu ma ba mu riƙe ta a zuci ba, abin da aka ba ta take faɗa. Lokacin kokowar ƙasa kuwa, maƙwabcina Kabiru, wanda ba ya gaishe ni sauran watannin shekara, a kujerar baya yake yini.

Ciwon ajalinta, ƙarami ya fara. Wayoyinta suka saki, in mota ta faɗa rami sai murya ta ɗauke. Na kai ta wurin Moussa mai gyaran wutar mota a Katako. Bawan Allah ya shimfiɗa mini hanyoyi uku a tafin hannunsa: ko domino, ƴar robar nan mai sukurori da ke damƙe waya biyu, ko kos da ake matsewa da filaya, ko a narka dalma a haɗe su har abada. Na dube shi na tuna ina da takardar lakwal, ta karatun boko, shi ba shi da ita. Na ce ai haɗa waya ba sai da malami ba. Ya ce to, rana za ta raba mu shari'a.

Na dawo gida na feɗe wayoyin da haƙori, na murɗe ja da ja, baƙi da baƙi, na naɗe su da filastar ciwo da na zaro daga jakar uwargida Hadizatu, ma'aikaciyar asibiti. Hujjata a lokacin: abin da ke rufe gyambon mutum ba zai kasa rufe waya ba. Ban lissafa da ranar bana ba, wadda ta ƙafar da rijiyoyi ta kashe shanu. Filasta ta narke kamar man shanu, ja ya sami baƙi, suka gaisa.

Ga inda abin ya fi ciwo. A daidai lokacin ana karanta sanarwar majalisar ministoci, wadda kowane ma'aikaci ya san a cikinta ake ɗaga mutum, a cikinta ake aika shi Bilma can ƙuryar hamada, a cikinta ake cewa ya je gida ya huta. Kalamanta na ƙarshe, da kunnena na ji:

"Malam Bala Hamidu, daga yau an..."

Sai tsss. Sai ɓus. Sai hayaƙi.

Kwana uku ke nan ina zuwa biro. Kowa ya kama hannuna da hannu biyu ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, addu'ar da ake yi wa wanda aka ɗaga da wanda aka kora. Zamanin nan ba mai son a ce a bakinsa aka ji. Ni kuma kunya ta hana ni tambaya. Hadizatu ta ce da na bar mata filastarta da yanzu mun san ko mu ɗaure kaya.

Marigayiyar ta rasu ta bar lasifika biyu, ɗaya kurma tun bara, da eriya ta wayar keke, da kaset goma sha ɗaya marayu. Na sha biyun yana cikinta, da shi za ta tafi.

Za a yi mata wanka da fetur ranar Juma'a bayan la'asar a rumfar Moussa, wanda ya yi alkawarin ba zai yi dariya ba sai an watse. Zaman makoki a ƙofar gidana, ƙarƙashin itacen bedi. A zo bibbiyu, kada a ce taro ne. Ba a buƙatar goro ko dabino. Wanda dai rediyonsa ke da domino, ya kuma ji ƙarshen maganar nan, don girman Allah ya matso ya raɗa mini. In Bilma ce, ya fara gaya wa Hadizatu, ni zan jira a mota.