Ranar da Na Ba Inna Ige Shanun Arɗo

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na tsaya a Kebbe da lasifika a hannu, na tona asirin dattijon da ya girmi mahaifina, ina ta murmushi don ina jin aikin kirki nake yi.

Wata ƙungiyar makiyaya ce ta ɗauke ni in rubuta mata manhajar rigakafin dabbobi. Aikinta ɗaya ne: ka rubuta sunan mutum, ta tambayo babbar kwamfutar da ke Sakkwato ta intanet, ta nuna ko ya yi rajista da kuma yawan allurar da aka ware masa. Laburaren da nake aika tambayar da shi, wato wani ɓangaren manhaja da wasu suka riga suka rubuta, ba ya tsayawa jiran amsa. Kai ne za ka bar masa umarni cewa in amsa ta iso ga abin da za a yi da ita, wato abin da 'yan harkar ke kira kolbak. Kamar ka aiki ɗan kabu-kabu Jabo ne, ka ce in ya dawo a sauke kayan a zaure.

Ni kuwa wannan tsari ya yi mini tsawo. Sai na sa amsar ta riƙa faɗawa wuri guda, manhajar ta ƙirga daƙiƙa biyu, ta leƙa wurin, ta nuna duk abin da ta tarar. A ofishinmu na Tambuwal amsa ba ta kai daƙiƙa ɗaya, don haka komai ya tafi sumul. Balkisu, abokiyar aikina, ta duba ta ce in mayar da nunawar cikin kolbak ɗin. Na ce mata ai na gwada sau ashirin (a kujera ɗaya, kusa da taga, inda sabis ya fi ƙarfi a duk garin).

Ranar rigakafi muka isa Kebbe da ƙugu a kwance saboda hanya. Allurar ciwon huhu ce, kuma an kawo ta daidai da waɗanda suka yi rajista. Aka gabatar da Arɗo Buba a farko saboda girmansa. Washegari garkensa zai yi kudu, ba zai dawo ba sai damina, don haka in ya rasa ranar, ya rasa shekarar.

Na rubuta sunansa. Daƙiƙa biyu, allo ya ce babu rajista.

“Baba Arɗo, ba ka ciki,” na ce.

“Malam, da ƙahwata nit tai Tambuwal anka rubuta ni. Sake dubawa.”

“Na'ura ba ta ƙarya, Baba.” Har da ɗan buga allon da yatsa na yi.

Bai ja da ni ba. Ya gyara rawaninsa ya koma gefe, inda ya ajiye babur. 

Ta biyu Inna Ige ce, tsohuwar da kowa ya san awakinta huɗu ne. Na rubuta sunanta. Ashe a tsakanin nan amsar Arɗo ta lallaɓo ta iso ta zauna a wurin da na tanada, manhajar kuma ta leƙa ta ɗauko. Na kai lasifika baki don na nesa su ji yadda fasaha ke aiki.

“Inna Ige, shanu ɗari da goma sha bakwai.”

 Inna ta dafe ƙirji.

“Ni ad da shanu? Ɗan nan, awakina fuɗu na, guda ma gurguwa ta. Ina nis samo su?”

Mata suka fashe da dariya, amma makiyayan ba wanda ya dara. Duk suka juya suna kallon mutum ɗaya, don garke ɗaya ne a wajen zai kai haka. Bafulatani ba ya faɗin yawan shanunsa ko ga ɗan'uwansa, ni kuwa na faɗe shi da lasifika, bayan na gama ƙaryata mai shi a gaban mutanensa.  Na so ƙasa ta tsage in shige da kwamfutar gaba ɗaya.

Balkisu ba ta ce ai na faɗa maka ba (da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi). Ta karɓe kwamfutar ta ce, “Ka bi shi. Ya tada babur.”

Na bi shi da gudu, takalmi ɗaya ya tsinke, na tare gabansa na durƙusa a kan hanya. Na ce laifina ne, sunansa na nan, ni ne ban jira amsa ba. Ya dube ni, sannan ya kashe babur ɗin.

Kafin mu dawo Balkisu ta cire ƙidayar daƙiƙa biyun, ta mayar da nunawar cikin kolbak, ta kuma ɗaure kowace amsa da sunan da aka tambaya. Aka sake rubuta Arɗo Buba. Allo ya ce a jira. Muka jira kusan minti guda, ina ta salati a zuci, sannan sunansa ya fito. Wannan karon juya masa allon na yi ya gani shi kaɗai. Kafin azahar an yi wa garkensa allura kaf, ni kuma na samu benci na zauna. Ban taɓa jin sanyi a rai irin na ranar ba.

Da zai tafi ya kira ni gefe.

“Malam, na yahe. Amma baɗi in na'urar taka ta san wani abu, ta raɗa maka, kai ko ka haɗiye.”

Tun daga nan na koyi cewa amsa tana da lokacinta, ba ni ke yanka mata ba, kuma ba ni riƙe lasifika in ina gaban allo. Inna Ige dai ba ta yafe ba. Duk ranar da ta hango ni a kasuwar Kebbe sai ta ɗaga murya ta tambaye ni yaushe zan kawo mata shanunta.