Carbin Mawaƙin Ingila

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na musuluntar da mutumin da ya shekara ɗari shida a kabari ba.

Ina digiri na biyu ne a fannin adabin Turanci a Kuala Lumpur, an ba ni bincike kan rayuwar wani tsohon mawaƙin Ingila (ba zan faɗi sunansa ba, alhakinsa da na ɗauka ya isa). Ɗan mai fataucin giya ne. Ya yi barantaka a fada, ya je yaƙi aka kama shi aka fanso shi, ya yi jakadanci, sannan ya yi aikin kwastan a tashar jiragen ruwa, yana rubuta waƙoƙinsa a gefe. Ni dai abin da ke gabana shi ne kwamiti ya amince da tsarin bincikena, in ba haka ba a ƙara mini zango guda, kuma masu ba ni tallafin karatu ba su san wannan zancen ba.

Wata rana a ɗakinmu na unguwar Wangsa Maju na buɗe wani tsohon zanen mutumin. Doguwar riga har ƙasa, gemu, wani abu a ka kamar rawani, ga carbi a hannu. Carbi fa! Na miƙe tsaye. Nan take na haɗa lissafi: ya yi tafiye-tafiye, ya yi hulɗa da fatake, ai a nan ya karɓi kalmar shahada a ɓoye.

Na kira matata ta gani. Ta leƙa ta ce, "Abban Hanif, ka dai nuna wa farfesarka tukuna."

Na ce, "Ke ba ki san jami'a ba. Yanzu sai a sace mini."

Saboda haka na ɓoye wa farfesar da ke duba aikina, wata Bamaleshiya mai haƙuri. Na ba ta tsohon rubutuna a kan aikinsa na kwastan, na adana sabon. Har shadda na saya a kasuwar Jalan Masjid India saboda ranar da zan tsaya gaban kwamiti.

Ranar ta zo, na haska zanen a bango, na ƙara girman hannun har carbin ya cika allo. Na yi bayani da murya irin ta mai wa'azi. Ɗakin ya yi tsit, ni kuma (Allah Sarki) na ɗauka mamaki ne.

A cikin kwamitin akwai wata dattijuwa 'yar asalin Indiya, Kirista. Ta buɗe jakarta, ta fito da wani carbi mai ɗan gicciye a ƙarshe, ta ajiye a kan tebur. Cikin ladabi ta ce, "Malam, mu ma muna ja. A zamaninsa kuwa, irin wannan ba baƙon abu ba ne a Ingila."

Farfesata ta cire tabarau ta dafe goshi. Ga sanyin na'ura, amma shaddata ta jiƙe sharkaf. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Boleh, boleh," wato to, to, kamar mai cinikin yadi.

Farfesar ce ta cece ni. Ta roƙa aka ɗaga zaman, na dawo da aikina na kwastan, na sha da ƙyar.

Darasin da na koya: ka kai bincike gaban malaminka kafin ka kai wa mahaifiyarka. Don tun kafin zaman na tura wa Hajiyarmu a Zariya albishir ta waya. Har yau in mun gaisa sai ta ce, "Ina nan ina sa Baturen nan naka a addu'a."

Ni kuma sai in ce amin.