Yadda Za Ka Saurari Matarka da Allura a Baki

Ɗan'uwa, idan kana son a riƙa kiranka miji mai sauraro alhali kunnenka na hutu, zauna ka gyara hula. Matakai shida ne, kuma na yi maka alkawari ko hanci kawai Allah Ya ba ka za su yi maka aiki. Na koye su ne wurin wani tela da ake kira Mai-Allura, wanda ya shekara ashirin da ɗaya yana hira da matarsa bai buɗe baki ba. Shagonsa a jikin falonsu yake, labule kawai ya raba. Tun suna amarya da ango ta gargaɗe shi: "Duk ranar da na gane ba ka jina, za ka neme ni ka rasa." Ya ce uhm.

Mataki na 1: Toshe bakin

Nemi hujjar da za ta hana ka magana. Mai-Allura allurai huɗu yake jerawa a leɓe tun safe, ko babu abin da zai kafe da su. Ba mai hankalin da zai nemi doguwar amsa daga mutumin da ke shirin haɗiye ƙarfe. In kai ba tela ba ne, ciji ƙusa, ko murfin biro. Masu iya magana sun ce baki shi ke yanka wuya, to ga wuyanka ya tsira.

Mataki na 2: Haddace uhm uku

Akwai gajere mai faɗuwa, "uhm", wato na yarda. Akwai mai hawa sama, "uhm?", wato ke dai bari, ci gaba. Akwai dogo mai jan numfashi, "hmmm", wato duniya ta lalace. Da waɗannan ukun za ka iya yin jaje, ka taya murna, ka raba gardamar maƙwabta. Kada ka kuskura ka yi tsaki da allura a baki. Wani ya gwada, har yau in ya wuce kusa da maganaɗisu sai ya ji ana jan sa.

Mataki na 3: Bi sautin, manta da zancen

Kalmomi wahala ce, murya kawai za ka bi. Ta ɗaga, ka ɗaga. Ta sassauta, ka ja dogon. Ta yi shiru, ka ƙirga biyu ka saki gajeren. Mai-Allura ya ƙware har ƙafarsa na taka keke, hannunsa na jan yadi, hancinsa kuma na can falo yana zaman aure. Matan unguwa sukan nuna shi su ce wa mazansu, "Ka ga baban 'yan biyu? Ko sau ɗaya bai taɓa katse ta ba."

Mataki na 4: Kada ka ɗaga labule

Ido ke tona asiri, saboda haka ka tsaya a ɓangarenka. Wata safiya, 'yan biyu sun koma makarantar kwana, maman 'yan biyu ta yi magana daga falo.

"Baban 'yan biyu, jiya likita ya ce sai an sake duba idon nan. Tsoro nake ji. Za ka raka ni?"

"Uhm?" in ji shi, yana neman bakin zare.

"Na ce za ka raka ni?"

"Hmmm."

Ta yi shiru. Ya ƙirga biyu ya saki gajeren. Ni dai a matsayina na masani ban ga kuskure a aikinsa ba, kowane sauti ya faɗa a gurbinsa. Ita kuwa ta ɗauki jakarta, ta ɗora rediyo a kan kujerar da take zama, ta kunna, ta tafi gidan yayarta.

Mataki na 5: Riƙe wuta

Nan gwaninta ta bayyana. Mai-Allura ya wuni yana amsa wa rediyo. Aka karanta labarai ya ce uhm. Aka yi tallar katifa ya amince. Wani ƙato ya shiga bayanin ƙwallo da murya kamar injin niƙa, Mai-Allura ya ce a ransa mura ce ta kama matarsa, ya ƙara mata dogon don tausayi. Har daɗi ya ji, yau hirar ta yi armashi.

Da yamma batir ya mutu. Ya ƙirga biyu ya ce uhm. Shiru. Ya ce uhm? Shiru. Ƙafarsa ta tsaya a kan keke. Ya ɗaga labule ya ga rediyo zaune a kujera, ga katin asibiti a ƙarƙashinsa.

Mataki na 6: In ta ɓaci, tofar da allurar

Wannan matakin ban so koya maka ba, amma amana ce. Mai-Allura ya zare allurai huɗun ya kira ta a waya. Muryarsa ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Maman 'yan biyu, ni ne. Wallahi na yi laifi. Na karanta katin. Gobe zan rufe shago, ni zan riƙe miki hannu har gaban likita. Don Allah ki dawo, gidan nan ba ya zaunuwa."

Maganar da bai yi ba a shekara ashirin da ɗaya ya zazzage ta cikin minti goma, har da hawaye. Ya tsaya yana haki. Ya ji ta ƙirga biyu.

"Uhm," in ji ta, ta kashe wayar.

Shi da ya rarraba sautin nan gida uku, ya zauna yana juya shi: ya faɗi ne ko ya hau? Washegari tun da sassafe aka gan shi tsaye a ƙofar yayarta da lema a hannu, bakinsa ba allura, yana jiran a fito a fassara masa.

Sanarwa: marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk allurar da ka haɗiye, ko matar da ka rasa, ko katifar da ka amince za ka saya. Mai ƙorafi ya same ni a shago ya zayyana komai dalla-dalla. Ina bayan labule, ina jinsa.