Hedikwatar Alhaji Ilu a Hawa na Tara

Duk wanda ya zo Guangzhou ya koma bai yi tozali da Alhaji Ilu ba, ya yi asarar kuɗin jirgi. Mu da Allah ya nufa da zama ƙofa da ƙofa da shi a hawa na tara, nan unguwar Panyu, kullum cikin godiya muke. Ba kowa ke samun maƙwabtaka da Shugaba, kuma Babban Darakta, kuma Manajan Ciniki na kamfanin Ilu Gulobal Intanashinal ba. Muƙamai uku, mutum ɗaya, kuma ba a taɓa jin kansu ba. Masinjan kamfanin ma shi ne, sai dai ba a buga wannan a kati ba.

Da yana da teburi a benen Tianxiu, inda 'yan kasuwarmu ke hada-hada. Rabin teburi dai, in za a faɗi don Allah. Bara ya tattara ya dawo gida. Mahassada suka ce kuɗin haya ne ya gagara. Shi kuwa ya yi mini bayani a bakin lif:

"Duniya ta ci gaba, Abdulrasheed. Manyan kamfanoni yanzu daga gida suke aiki. Amma kai da kake ɗaurin dila, ina za ka gane?"

Gaskiyarsa. Ni aji huɗu na tsaya. Shi ya sa na buɗe ido ina koyo.

Ga yadda ake aiki daga gida. Ƙarfe goma sai ka sa kwat da laktaye, ka fesa turare ko da yake waya ba ta kai ƙamshi, ka zauna a baranda kan kujerar roba. Daga ƙugu zuwa sama darakta. Daga ƙugu zuwa ƙasa gajeren wando da silifas ɗin banɗaki. Ya ce baranda ya zaɓa saboda iska. Iskar kuwa intanet ɗina ce da ke tsallako katanga. Ranar da na canza lambar sirri, kamfanin ya tafi hutun kwana biyu.

Kwastomominsa uku ne: ƙanin matarsa a Kantin Kwari, wata hajiya mai sayen mayafi dozin biyu-biyu, sai wani bawan Allah da tun azumin bara yake cewa zai kira.

Sai hatimi. A ƙasar nan kowane kamfani da jan hatiminsa, kuma takardar da ya hau ta zama magana, ba a ja da ita. Masu hankali a akwati suke kulle nasu. Na Alhaji a aljihun gaba yake kwana. Na taɓa ganin takardar cefane, tattasai da albasa da man gyaɗa, da jan hatimi a ƙasa raɗau.

Abu ɗaya ne a rayuwar Alhaji wanda ba shi ya ƙirƙira ba, shi ne gidan. Matarsa Zulaiha ce ta samo shi wajen wata tsohuwa, Madam Lo, da ta koma wajen 'yarta a wani gari ta manta da su. Shekara shida ba ta ƙara ko sisi ba. Duk benen nan an yi mana ƙari sau uku, su ko gezau. Zulaiha kan tura kuɗin ranar ɗaya ga wata ta yi shiru, kamar mai wucewa ta gaban kare yana barci. Da wannan arahar suke iya zaman garin, har su aika wa 'yarsu Madina kuɗin makaranta a Kano.

Ana nan sai Alhaji ya ga wani bidiyo a waya. Wani mai gilashi ne a wata ƙasa can yake cewa mai aiki daga gida yana iya cire kuɗin ofishinsa daga haraji. Wace ƙasa ce, bai tambaya ba. Babba ba ya tambaya.

"Shekara guda gwamnati na cin haƙƙina," in ji shi, yana auna falo da tef ɗin tela. "Wannan ɗakin taro ne. Kicin kuma kantin ma'aikata. Uwar ɗaki ma'ajiyar samfur, tunda akwai mayafai a ƙarƙashin gado."

Na ce, ranka ya daɗe, banɗaki fa?

"Sashen walwalar ma'aikata."

Da aka gama awo, ɗari bisa ɗari na gidan ya zama ofis. Ko inda kyanwa za ta kwanta bai rage ba.

Zulaiha tana yankan kuɓewa, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Baban Madina, ka auna abin da za ka auna. Tsohuwar nan dai ka bar ta ta yi barcinta."

"Harkar kamfani ba ta kicin ba ce," in ji shi. Ya manta kicin ɗin yanzu na kamfani ne.

Daga nan aka shiga farautar rasit. Alhaji ya lura mutanen garin nan almubazzarai ne: su yi sayayya a babban kanti, su jefar da rasit a kwandon bakin ƙofa. Sai Babban Darakta ya riƙa tsayawa wajen da kwat ɗinsa, kamar mai jiran baƙo, hannu na aiki a kwando. Wata biyu ya cika leda. Na ce ko a nemi mai karanta rubutun? Ya dube ni da tausayi.

"Shekara tara ina ƙasar nan. Sinanci a wurina kamar ruwa."

Haka ne. Yana da nihau, yana da sheshe, yana da meyo, wato sannu, na gode, babu. Da ukun nan ya ci China da yaƙi.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, ya ɗauki ledar zuwa Tianxiu wajen Hamdia, 'yar Kumasi mai yi wa 'yan kasuwa aikin takardun haraji, wadda ita da gaske ta yi karatun Sinanci. Ya zaɓi lokacin da ofishinta ke cike, don jama'a su ga yadda manya ke yi. Ni ma na bi, neman ilimi wajibi ne. Ya zazzage ledar a teburi ya ce ta karanto da ƙarfi.

Ta karanto. Naman alade kilo biyu. Giya katan ɗaya. Sabulun wankan kare. Ƙafar alade, mai rangwame.

Wani dattijo ɗan Zinder ya ja carbinsa ya matsar da kujera.

"Baƙin kamfani ne," in ji Alhaji. "Muna karɓar baƙi daga ƙasashe daban-daban."

Dattijon ya tambaya a hankali ko karen ma baƙo ne.

Hamdia ta tattare takardun gefe. Ta ce waɗannan ko sun kai buhu banza ne, sai fapiyo, rasit na hukuma mai ɗauke da sunan kamfani. Na hayar gida kuma sai mai gidan da kanta ta je ofishin haraji an buga. Ta danna na'urar lissafi ta juyo masa da ita: ko an amince da komai, abin da zai rage a shekara bai kai kuɗin buhun shinkafa ba.

"Alhaji, bar wannan magana," in ji ta. "Kana biyan haya kaman kyauta."

Da wani ne ya ji haka, da ya koma gida ya sha ruwa ya kwanta. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa. An ci masa fuska a gaban jama'a, dole a gyara da babbar takarda. Ya rubuta wa Madam Lo wasiƙa, waya ta juya masa ita zuwa Sinanci: gida mai lamba kaza hedikwatar kamfanin ƙasa da ƙasa ce baki ɗaya, ba wurin kwana ba ne, a kawo fapiyo. Ya huro hatimi, ya danna. Ya ga bai fito yadda yake so ba, ya sake dannawa. Ya aika ba tare da kantin ma'aikata ya sani ba.

Madam Lo ta farka.

Ranar Talata ta iso da ledar lemo a hannu, 'yar tsohuwa mai fara'a. Ta tarar da allo mai ruwan zinare a ƙofa. An jingine katifa a bayan labule, an ɗora furen roba kan teburin cin abinci. Alhaji ya sa dogon wando, abin da ya nuna ranar babba ce. Ni aka gayyato in zauna da fayil a hannu in zama ma'aikaci.

"Lawban!" in ji tsohuwar, ta ɗaga masa babban yatsa. Wato maigida. Alhaji ya kumbura har maɓallin kwat ya yi ƙara.

Waya ce ke musu tafinta. Ta ce kwastoma nawa ke zuwa a rana? Ya ce hamsin, in kasuwa ba ta yi ba. Kwantena nawa a wata? Ya ce ba ya ƙirgawa, yaransa ke ƙirgawa, ya nuno ni. Na gyara fayil. Duk amsar da ya bayar sai ta gyaɗa kai ta rubuta a bayan wasiƙarsa. Zulaiha na tsaye a ƙofar kicin, ludayi a hannu, tana kallon shekara shida na tafiya.

Da tsohuwar ta gama sai ta ba shi haƙuri. Ta ce ba ta san babban kamfani ta ajiye a farashin talakawa ba, a yafe mata raini. Daga wata mai zuwa hayar ofis za a biya, ninki uku, da kuɗin harajin fapiyo a kai.

Alhaji ya yi dariyar manya. Ya ce a gaya mata ai wannan duk maganar takarda ce, a gaskiya gida ne, nan suke kwana, ga ma katifa. Ya yaye labule da hannunsa.

Madam Lo ta dubi katifa. Ta dubi wasiƙa. Ta ɗora yatsa kan jan hatimi na farko, ta matsa kan na biyu. Ya ce to a koma tsohon farashi, a bar fapiyon.

"Meyo," in ji ta.

Wannan kam bai nemi tafinta ba. Ta bar musu lemon.

Garin neman gira an rasa ido. Ƙarshen wata aka cire allo, aka bar gidan. Zulaiha ba ta yi faɗa ba. Ta kwashe tukwanenta zuwa ɗakin da Hamdia ta ba ta aro, ta ce ita ma'aikaciyar kanti ce, tunda kamfani ya tashi ta nemi wani aikin. Yanzu tuwo take kai wa 'yan Tianxiu da rana, kuma da shi Madina ke zuwa makaranta.

Shugaba, Babban Darakta da Manajan Ciniki kuwa, su ukun suna falona a kan tabarma ɗaya, kafin a kammala abin da ya kira sauya fasalin kamfani. Ƙarfe goma yana sa kwat ya fita baranda. Ya ma yaba, ya ce iskar wannan reshen ta fi ta hedikwata ƙarfi.

Jiya wani sabon zuwa daga Kano ya tambaye shi ina ofishinsa yake.

"Ni daga gida nake aiki," in ji Alhaji.

Bawan Allah ya ce, masha Allah, ina ne gidan?

Alhaji ya shiga gyara laktaye. Ni kuwa sai na miƙa wa baƙon lemo.