Jan Farce a Cikin Inji

"Lafiya lau, angona. Ya gwiwoyin, har yanzu suna ƙara?"

Tsohon bakanike ya harari jikarsa, ya ja kujera kusa da motar. Ita kaɗai ta kwance injin ta mayar, kuma sun yi da shi: in injin ya tashi, makullin gareji nata ne, in ya ƙi, tsohon ya ba wa wani hayar wurin. Duk da haka bakin nan nata bai mutu ba.

"Gwiwoyina sun fi injinki lafiya," in ji shi. "Ke fa fistin ce. Sama, ƙasa, sama, ƙasa, wuni guda ba ki je ko'ina ba."

"Kai kuma karanshaf. Ga ƙusumbi, ga kwanciya cikin baƙin mai. Fistin ya sha wuta ya turo ka, kai ka juya, a ce kai ka tafi da mota."

"In ba don lanƙwasata ba, wa zai mai da tsallenki juyin taya? Da na miƙe, da kowa ya taka da ƙafa."

"To, ka miƙe mu gani."

"Marar kunya! Ina murafan hannun fistin? Kin san kowanne da abokin zamansa. Kika musanya su, ƙarfen ya cije."

"Na sa musu alama."

"Da ƙusa da guduma?"

"Da jan farce. Ja, ruwan hoda, shuɗi, kore."

Tsohon ya dafe kai. "Inna lillahi! An yi wa injina kwalliya. Na sake ki, saki uku!"

"Dama na gaji da miji mai haƙori biyu. Riƙe sifana ka juya injin da hannunka."

Ya kama, ya juya. Ƙarfen ya bi shi sumul, ko gardama babu. Ya yi gyaran murya.

"Ƙarfina ne."

"Ƙarfin da ba ya buɗe kwalba?"

Ta shiga ta murza makulli. Injin ya yi tari, ya kama, ya zauna daram. Ta yi ihu, daɗi ya kashe ta, har da dukan sitiyari.

Tsohon ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya laluba aljihu, ya cilla mata makullin gareji.

"Na mai da ke ɗakinki. Wancan shuɗin, a ina ake sayensa? Ido ya fara gaza ganin alamar ƙusa."