Ƙyallen Bishop

Da za a ba mu lasisin wa'azi, mu da ba fastoci ba, an ce kowa ya kawo shuɗin ƙyallen da Bishop zai rataya masa. Ni da nake sayar da yadi a Fagge, wa zai koya mini kala? Na yanko shunayya, don ta fi kyau.

A cocinmu na Sabon Gari na durƙusa na miƙa. Matata ta sunkuyar da kai. Ashe shunayya kalar Bishop ce shi kaɗai. Na ce shi ke nan, karatuna ya tashi a banza.

Sai ya yi murmushi: "Ɗana, bari in yi ritaya tukuna." Ya sa aka aro mini shuɗi.

Lasisi dai na samu. Amma har yau in na shigo, dattawa miƙewa suke: "Ranka ya daɗe, Bishop."